Kayan da Suka Tsufa a Cikin Kwali

Kwanaki ina zaune a bakin shagona a nan Wunti ina goge bakin ƙarfen dalma, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku masu gyaran waya da kuka cika layin nan, yana gaya wa abokinsa wai gyara ba wani abu ba ne, cire wannan ne ka sa wancan. Har da ƙarawa wai in dai kayan sabo ne fil a leda, magana ta ƙare. Ban tanka masa ba a lokacin, don na san bakina in raina ya ɓaci. Amma maganar ta tsaya mini a wuya. To ku matso, ku ɗan kife wayoyin nan tukuna. Sunana Ilyasu, ko da yake yawancinku Baba Mai Rediyo kawai kuka sani, kuma tun iyayenku ba su yi aure ba nake shaƙar hayaƙin dalma. Abu mafi ɗaci da sana'ar nan ta koya mini shi ne kayan wuta suna tsufa. Suna tsufa in ana aiki da su, suna tsufa in an ajiye su, kuma ledar nan da kuka ba wa amana ba ta hana komai.

Akwai wata talabijin mai tozo ta wani mai shayi a bakin tasha, da ya kawo mini a cikin keke. Tun safe ake kunna ta har a tashi, gefe ga tukunyar shayi, sama ga kwano, wuta kuwa yau ta gari gobe ta janareta. Hoton ya fara tsukewa, sai an ɗan mare ta a gefe ta dawo daidai. Da na buɗe bayanta na kifa fanel ɗin a gaban fitila, sai ga dalmar da ke riƙe da ƙafafun taransifoma ta tsattsage, tsaga siririya wadda in ba ka san ta ba ba za ka gan ta ba. Ƙarfe in ya ɗauki zafi buɗewa yake yi, in ya huce ya tsuke, kullum haka, shekara da shekaru, har ya gaji. Marin da ake mata haɗa bakin tsagar kawai yake yi na ɗan lokaci. Kafasitocin da ke kusa da wurin zafi kuwa duk kansu ya kumbura. Kafasita, ga wanda bai taɓa fasa ta ba, ɗan gwangwani ne na alminiyam, a ciki akwai takarda da aka naɗe jiƙe da wani ruwa, an toshe gindin da roba. Ruwan nan shi ne ranta. Zafi yana shanye shi a hankali ta jikin robar, ranar da ya ƙare ta zama gwangwani kawai. Na bi dalmar na sabunta, na canja kafasitocin, hoto ya cika fuska. Wannan tsufan aiki ne, kowa ya yarda da shi. Mai shayin ma cewa ya yi ai ta yi ƙoƙari.

Wanda mutane ba sa yarda da shi shi ne tsufan ajiya. Wata Hajiya daga GRA ta taɓa zuwa da rediyo mai kaset, babba, a cikin kwalinta. Mijinta ne ya sayo ta a wata tafiya, ya rasu ba a buɗe ba, sai bayan shekaru ta ciro don ta ba jikarta. An kunna, sai gurnani, kaset kuma ko motsi. Na kwance na nuna mata robar da ke juya kaset ta narke ta zama baƙin danƙo ta manne wa ƙafafun injin, kafasitocin sun bushe. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ai ko yatsa ba a taɓa ɗora wa rediyon nan ba, in dai ba ni na musanya kayan ciki ba. Ta sa direba ya ɗauke. Ban ji haushinta ba ko kaɗan, domin mutumin da ya koya mini aikin nan, wanda ya fi ni sanin wuta nesa ba kusa ba, shi ma haka ya ɗauka.

Baba Bitrus ke nan, mutumin kudancin jihar nan, ɗan manoma da ya shigo gari ya koyi gyaran rediyo. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa, ya ce masa ga amana. Iliya yake kirana, ni kuma ina ce masa Baba. Na daɗe a shagon ban taɓa ƙarfen dalma ba. Shara, ɗebo ruwa, warware tsofaffin fanel ina jera kayan ciki a gwangwanayen madara, ƙanana daban manya daban. In na sa ɗaya inda ba gidansa ba, sai ya juye gwangwanin gaba ɗaya a ƙasa in sake. Kayan aikinsa ba su da yawa: mita mai allura, filaya, sukundireba masu ƙotar katako da shi ya sassaƙa, da ƙarfen dalma na garwashi don ranar da babu wuta. Amma mutumin nan yana kara kunne a jikin rediyo ya gaya maka inda ciwon yake. In lokacin salla ya yi shi yake tuna mini, ya ce tashi ka je, rediyo ba za ta gudu ba.

Ku da kuke danna waya gobe kaya su iso tasha, ba za ku gane yunwar kayan gyara ta wancan zamani ba. Abu ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake zai tsayar da aiki, sai an ba direba saƙo Kano ko Jos, a jira, wani lokaci ya dawo da wanda ba shi ba. Mai kaya yana zuwa kullum yana zaginka a fakaice. Wannan abu ya ci wa Baba rai ƙwarai. Shi kuma ya taso a gidan da ake cika rumbu a liƙe bakinsa da laka, ba a fasawa sai shekarar da damina ta ƙi. Sai ya ɗauki wannan tarbiyya ya ɗora wa kayan wuta. Duk abin da ya samu, maimakon ya sayi akuya ko bulo kamar sauran mutane, sai ya sayi kwalin kafasita, kwalin tiransista, lasifikoki, robobin kaset, batura, taransifomomi, ya kai wani ɗaki a bayan gidan da yake haya a Yelwa ya kulle. Ɗaki ne na kwano, babu silin, babu taga.

Da wani babban ɗan kasuwa mai sayar da kayan gyara zai tashi daga garin, Baba ya sayar da ɗan filin da yake nomawa a can Yelwa ya kwashe shagon mutumin kaf. A lokacin Yelwa daji ce, fili ba ya da wata daraja, kayan gyara kuwa kullum tashi suke. Babu wanda ya ce masa ya yi wauta. Duk masu gyaran garin nan sun zo sun yi masa barka, wasu har da hassada. Ni da kaina na yi dakon kwalayen a ka, ina jin kaina yaron babban mutum.

Dokarsa ɗaya ce: ba a buɗe kwali. Ya ce kwalin da ke liƙe da tambarin kamfani ya fi buɗaɗɗe daraja, kuma hannu ne yake ɓata kaya. Wallahi na sha ganin Baba ya aike ni kasuwa neman kafasita guda, alhali yana da dubbanta a kulle. In na yi magana sai ya ce wancan ba na yau ba ne, na ranar wuya ne. Ba mu sani ba, daga shi har ni har sauran masu gyara, cewa kafasita tana son a riƙa ratsa ta da wuta lokaci-lokaci. In ta daɗe a kwance, wata 'yar fata da ke cikinta, wadda ke tare wuta, sai ta lalace. Babu wanda ya taɓa gaya mana. Mun san abin da ke kashe kaya a cikin rediyo, ba mu taɓa tambayar abin da ke kashe su a cikin kwali ba.

Ranar wuyar ta zo, amma ba ta zo da kamannin da ya zata ba. Na riga na buɗe shagona a lokacin. Talabijin ta bango ta shigo, mai tozo ta koma wurin ɗora kwanuka. Kaset ya mutu. Rediyo ta yi arhar da in ta lalace mutum yar da ita yake yi ya sayi wata, gyaran ya fi sabuwa tsada. Akwai shekarar da sai in wuni a shagon nan ban kunna ƙarfen dalma ba, ina korar ƙudaje. Abokan sana'ata wani ya koma acaɓa, wani gadi, wani ya koma ƙauye. A wannan tsakanin idon Baba ya fara rufewa, tun yana ganin launin kaya har ya koma sai inuwa, dole ya bar shago. Sannan mijin 'yarsa Rifkatu ya rasu a hatsarin mota, ta dawo gidan uban da 'ya'yanta ƙanana. Ita kaɗai gare shi, matarsa ta riga ta rasu. Ana cikin haka mai gidan hayar ya aiko cewa zai rushe ya gina ɗakunan ɗalibai, su nemi wuri kafin damina ta faɗi.

Baba ya aiko Rifkatu ta kira ni. Na same shi a kujerar roba a tsakar gida, ya ci ado da rigar zuwa coci, fuskarsa a sake, ba alamar damuwa. Ya ce in kwantar da hankalina, abin da ya yi wa tanadi ke nan. Za a buɗe ɗaki, in nemo masu saye, a sami ɗan fili a bayan gari a yi wa Rifkatu ɗaki biyu, ita da yaran su daina bin gidan haya. Ya ciro makulli daga wuyansa ya miƙo mini. Rifkatu tana tsaye a bayansa tana murmushi, don tun tana yarinya take jin cewa dukiyar gidansu tana cikin ɗakin nan.

Kwaɗon ma sai da na zuba masa baƙin mai kafin ya buɗu. Ina tura ƙofa wani zafi ya dake ni a fuska, da wari mai tsami haɗe da ƙarni. Ɗakin ya sha zafin bazara a ƙarƙashin kwano shekara da shekaru, ya sha laimar damina, babu iska. Kwalin farko da na ɗaga gindinsa ya zube, gara ta cinye. Batura sun yi amai, farin gishiri ya bi ya cinye duk abin da ke ƙarƙashinsu. Lasifika in na taɓa bakinta sai ya marmashe a yatsa. Na yaga ledar kafasitoci, sababbi, rubutun jikinsu raɗau, amma robar gindinsu ta tsage, wasu sun yi tsatsa a ƙafa. Na jona mita a kan wannan, na jona a kan wancan, allura ta ɗan yi tsalle ta faɗi. Tiransistocin da yawansu lafiya lau a ciki, sai dai ƙafafunsu sun yi baƙi, dalma ba ta kamawa sai ka kankare ɗaya bayan ɗaya. Kuma ko ka kankare, wa zai saya? Na'urorin da aka yi su dominsu sun bar duniya.

Baba ya sa an matso masa da kujera bakin ƙofa. Duk kwalin da ya ji na yaga sai ya faɗi abin da ke ciki tun kafin in duba, kuma bai kuskure ko ɗaya ba. Can sai ya tambaye ni.

"Iliya, yaya ka gan su?"

"Baba, suna nan. Sai dai sun ɗan kwana biyu, suna son a tashe su."

"To ka tashe su mana. Ai aikinka ne."

Ba ƙarya na yi masa gaba ɗaya ba. A lokacin na riga na ji cewa ana iya farfaɗo da tsohuwar kafasita in ruwanta bai ƙare ba. Za ka haɗa ta da wuta kaɗan-kaɗan, ka sa ƙwan fitila a tsakani. In ƙwan ya yi haske ya dushe a hankali, tana dawowa. In ya tsaya da haskensa, ta tafi. Na kwashi manyan, irin na amfilifaya, waɗanda nake ganin har yanzu masu lasifikar biki da na masallatai za su nema, na kawo shagon nan. Makonni na yi ina wannan aiki, ina zaune ina kallon ƙwan fitila kamar mai jinya. In an ɗauke wuta in jira. Mafi yawansu ƙwan bai dushe ba. Kaɗan suka nuna alamar rai, na ware su a kwali guda ina lallaɓawa. Rifkatu takan biyo ta nan in ta fito kasuwa, ba ta tambayata komai, sai ta gaishe ni ta kalli kwalin ta wuce. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas.

Na samo wani Malam Tanko mai ba da hayar lasifika a bukukuwa, yana da tsofaffin amfilifaya da yake son rayawa. Ya ce in kayan na da kyau zai kwashe, har ya kawo abokan sana'arsa daga wasu garuruwa. Amma sai an gwada a gabansa. Baba ya dage a yi gwajin a gidansa, yana so ya ji da kunnensa. Na zaɓi mafi kyau a cikin waɗanda na farfaɗo na ɗaura a amfilifaya ɗaya, aka ja waya, aka jona lasifika a tsakar gida. Da aka kunna, sauti ya fito garau. Baba ya gyara zama yana gyaɗa kai, ya ce wa Malam Tanko irin wannan kaya yanzu ko a Legas ba za a samu ba. Malam Tanko ya ce a ƙara murya, ai a fili ake amfani da ita ba a ɗaka ba. Na ƙara. Ba a jima ba sai gurnani ya shigo ƙarƙashin sautin, sannan wani tas, farin hayaƙi ya turnuƙe, tarkacen takarda ya watsu a kan tabarma. Yaran suka ruga bayan uwarsu.

Malam Tanko ya naɗe wayarsa, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya fita. Baba bai ga hayaƙin ba, amma ya ji ƙarar, kuma wannan warin babu mai gyaran da zai manta shi. Ya daɗe yana shafa gwiwarsa.

"Wannan ita ce mai kyaun?"

"Ita ce, Baba."

"Sauran fa?"

Rifkatu ta shige ɗaki ta turo ƙofa. A rayuwata ban taɓa jin na tsani sana'ar nan ba sai ranar.

Daga nan sai 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. Wanda ya zo yaro ne mai ladabi, bai raina kowa ba. Ya zagaya ɗakin ya ce gaskiya ƙananan kayan nan shara ne a wurinsa, ko kyauta aka ba shi wahalar ɗauka ce. Taransifomomin ne kawai abin so, saboda jar wayar da ke ciki. In a dunƙule ne farashin baƙin ƙarfe zai saya, in an fasa an ciro wayar ta fi daraja. Na ce zan kawo masu fasawa. Baba ya ce a'a, a ba shi guduma da kurfi.

Kwanaki ya yi a bakin ɗakin nan a zaune a ƙasa, yana lalube. Mutumin da bai yarda a yaga ko leda ba, shi ne yake ɗora taransifoma sabuwa a kan dutse yana neman gaɓarta da yatsa yana saka kurfi. Gefen ƙarfen ya yayyanka masa hannu, Rifkatu ta ɗaure masa da tsumma ya ci gaba. In ya kai ga wayar ba ya yankewa, warware ta yake yi a hankali yana naɗewa a gwiwar hannu, tsaf, kamar gobe za a yi aiki da ita. Na ce masa Baba, narkar da ita za su yi, ba sai ka wahala ba. Bai ko ɗago ba. Abin da aka samu a ƙarshe bai kai ko kuɗin kwanon rufi ba, balle fili.

To kun ji. Kwalin batura da fuskokin wayar da kowannenku ya cusa a ƙarƙashin teburinsa yana jiran su yi tsada, tun ranar da aka ƙera su suka fara mutuwa, kuma wayar da aka yi su dominta za ta riga su. Ba ina gaya muku don in ba ku dabara ba, ni ma ban da ita. In ka yi aiki da kaya su ƙare, in ka ajiye su ƙare. Sana'ar ce haka.

Ruwan farko ya sauka su Baba suna cikin ɗaure kaya. Dangin mijin Rifkatu suka raba yaran a tsakaninsu, manyan aka kai ƙauye, ita ta tafi da na goye ta kama aikin wanke-wanke a wani gidan abinci inda suka ba ta wurin kwana. Baba kuma wani ɗan ƙanensa ya zo da akori-kura zai mayar da shi garinsu. Na je sallama. Masu rusau har sun fara cire ƙofofi. An riga an ɗora shi a gaban mota, sai ya sa aka kira ni. Ya sunkuya ya jawo wani ƙaramin kwali daga tsakanin ƙafafunsa, a liƙe, tambarin kamfani bai ko ɗaga ba. Ashe bai taɓa kai shi ɗakin ba, a ƙarƙashin gadonsa ya ɓoye shi. Ya laluba ya kamo hannuna ya ɗora mini, ya rage murya don kada direba ya ji.

"Iliya, wannan bai shiga zafin ɗakin can ba. Kar ka buɗe shi. Ka ajiye wa Rifkatu, wata rana za a neme su."

Na duba rubutun gefen, robobin kaset ne. Gindin kwalin ya riga ya jiƙe da baƙin danƙo, har ya manne mini a tafin hannu.

Na ce, "To, Baba."